Ɗan'aiken da Aka Goge Tushensa

Filas kawai Nu'uman ya fita karɓowa, ɗan ƙaramin abin nan da ake adana kayan kwamfuta a cikinsa, wanda bai fi ɗan yatsa ba. Daga unguwarmu ta Iku zuwa Madalla, ya karɓa, ya juyo. Ko takalmin kirki bai sa ba, silifas ɗin wanka ya zura.

Ina zaune a kan bencina a ƙofar gida lokacin da ya fito. Rana ta yi ja, hadari na haɗuwa ta gabas, iska na wasa da ledoji a layi. Gida ɗaya muke haya, shi da iyalinsa a ɓangaren dama, ni a na hagu, kuma duk mai fita sai ya bi ta gabana, yana so ko ba ya so.

"Baba Ɗantala, yanzu zan dawo."

"Da magaribar nan? Ka bari a yi salla mana."

"A can zan yi. Khamis ne ya turo saƙo."

"Au! Ashe yana da rai?"

Ya yi irin dariyar da mutum ke yi idan an taɓa masa wurin da ke ciwo, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya hau.

Bari in gaya muku su waye waɗannan mutanen, don kada ku ce na jefa ku cikin duhu ba fitila. Nu'uman ɗan Zariya ne. Yana aikin haɗa manhajar kwamfuta a wani ƙaramin kamfani a Abuja, yana kwana a Suleja kamar sauran masu hankali. Khamis kuwa abokinsa ne tun suna hidimar ƙasa, katifa ɗaya, bokiti ɗaya, cokali ɗaya. Shi ne babban abokin ango ranar da aka ɗaura auren Nu'uman da Tayyiba. Yana da shagon gyaran kwamfuta a Madalla, a wani lungu bayan masu sayar da kayan gyaran mota.

Masu wannan sana'a, kamar yadda Nu'uman ya sha bayyana mini ina gyangyaɗi, ba sa ƙera komai daga farko. Wannan zai rubuta ɗan guntun aiki ya ajiye a intanet, wancan ya ɗauka ya liƙa a cikin nasa. Guntun nan suke kira ƙunshi. Kowane ƙunshi kuma iri biyu yake zuwa. Akwai dafaffe, wanda na'ura ke ci. Akwai tushe, wato rubutun da mutum zai karanta ya ga me aka zuba a ciki, ya gyara, ya rage gishiri idan ya yi yawa. Idan tushe ya ɓace, dafaffen zai ci gaba da aiki, amma ba mai iya buɗe shi ya canza ko harafi ɗaya. Sai dai ka haɗiye, ka yi addu'a.

To, Khamis ya rubuta wani ƙunshi ya sa masa suna Ɗan'aike. Kamfanin su Nu'uman na da manhajar da ƙananan asibitocin ƙauyukan Tafa ke aika sakamakon gwajin jini da ita zuwa wurin likitoci a Abuja. Abin da ya addabe su shi ne sabis. Akwai ƙauyen da sai ka hau mangwaro ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya fita. Da Nu'uman ya liƙa Ɗan'aike a cikin manhajar, sai saƙo ya riƙa isa nan take, ko babu sabis ko ɗigo. Aka yi masa ƙarin girma, aka ba shi kujera mai juyawa. Ba wanda ya tambayi ta wace hanya saƙon ke bi. Haka masu ilimin zamani suke. Idan abu ya lalace sai su kira taro, idan yana aiki sai su yi shiru.

Suna da doka a ofis: duk ƙunshin da aka aro, a sauke kwafin tushensa a ajiye, don mai shi yana iya mutuwa, ko ya yi fushi, ko ya koma noman doya. Nu'uman ya san dokar, shi ke koya wa sababbin ma'aikata ita. Ranar da ya zo yin kwafin Ɗan'aike, Khamis na zaune a gefensa yana cin gyaɗa.

"Me kake yi?"

"Kwafi zan ajiye. Dokar ofis ce."

"Kwafi? Na kayana?" Khamis ya dafe ƙirji. "Ina zan je, Nu'uman? Ashe har yanzu ba ka yarda da ni ba?"

Kunya ta kama Nu'uman, ya rufe shafin. A ofis ya ce ya yi.

Bayan wani lokaci Khamis ya turo masa wata buƙata. Al'adarsu ce ƙunshi ya samu mai kula fiye da ɗaya, saboda halin rayuwa. "Ka danna ka amince," in ji shi a waya. "Suna ne kawai, ba wani aiki." Nu'uman na cin tuwo a lokacin. Da hannun hagu ya danna.

A farkon daminar nan aka wayi gari shafin da tushen Ɗan'aike yake babu shi. An goge. Wayar Khamis a kashe. Ƙunshin kuwa na nan yana aikinsa a asibitoci kamar ba abin da ya faru.

Shugabar sashensu, Madam Damilola, ta kira shi ofis. Bayarabiya ce da ta girma a Kaduna, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Zariya gishiri.

"Malam Nu'uman, ina kwafinmu?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, ka san hanyoyin guda uku ne. Ko a samo tushen, ko mu rubuta sabo, ko mu cire shi. Sabon kuwa na sa yara sun gwada, sun ce ba su san yadda ya yi ba. Jinin mutane muke aikawa da abin da ba mu san cikinsa ba."

"Madam, Khamis ba zai yi mini haka ba. Akwai dalili."

"Kullum akwai dalili. Na shirya komai a kwamfutata. Zan jira ka har magaribar Juma'a. Ko ka kawo tushe, ko ka ce mini in cire, in danna. Kai ka kawo shi, daga bakinka nake so in ji."

Ranar Juma'ar, bayan la'asar, saƙon Khamis ya shigo. Ka zo shago da magariba. Tushen yana filas.

Shi ne ya zura silifas.

Madalla a irin wannan lokacin kun san ta. Motocin Abuja sun yi cirko-cirko, tireloli na huci, 'yan kamasho na ihu. Ƙamshin gasasshiyar masara ya gauraya da hayaƙin dizal da warin kwata. Dutsen Zuma ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin hadari. Nu'uman ya sauka a bakin titi, ya kutsa cikin lungun masu kayan mota. Shaguna duk an rufe. Baƙin mai ya jiƙa ƙasa, silifas ɗinsa na mannewa yana ɓallewa, ɗas, ɗas.

Yana ƙara shiga, hayaniyar titi na raguwa. Ba a hankali ba. Kamar wani ne ke murɗa rediyo.

Ya kai kwanar ƙarshe, sai ya lura ba ya jin ko da hon ɗaya.

Ƙofar shagon Khamis irin ta ƙarfe ce mai naɗewa sama. An ɗaga ta zuwa ƙugu. Wani shuɗin haske na fitowa ta ƙasa. Babu wuta a lungun, babu ƙarar janareta.

"Salamu alaikum."

Shiru. Sai ƙarar madannan kwamfuta daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, da sauri.

Ya duƙa ya shiga.

Warin da ya tare shi ba na shagon ba ne. Ya san warin shagon, ƙonanniyar dalma da ƙurar tsofaffin kwamfutoci. Wannan warin asibiti ne, audugar da aka jiƙa da sifirit. A ƙarƙashinsa kuma akwai warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, da na ƙafar da ta yi doguwar tafiya.

Kantoci babu komai a kansu. Tebur ɗaya ne a tsakiya, da allon kwamfuta, da kujera. Khamis na zaune ya ba shi baya, da hular nan tasa mai ruwan ƙasa.

"Kai, mutumina!" Muryar Nu'uman ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Wane irin wulaƙanci ne wannan? Ka san abin da ka ja mini a ofis?"

Madannai suka tsaya.

"Ka zo," aka ce, ƙasa-ƙasa.

"Na zo mana. Ina filas ɗin?"

"Babu filas."

Muryar ta Khamis ce, amma ba daga kujerar ta fito ba. Daga bayan kunnen Nu'uman ta fito.

Ya waiga. Babu kowa. Ƙofar dai ta sauko zuwa gwiwa.

Da ya juyo, sai ya ga allon da kyau. Babu wayar wuta a jikinsa. Saƙonni ne ke gudu a kai. Sunan mace, sunan ƙauye, jininta ya yi ƙasa. Sunan jariri, zazzaɓi. Sunan tsoho. Ya san su, saƙonnin manhajarsu ne. A can sama, inda ake rubuta sunan mai kula da ƙunshi, suna ɗaya ne kawai. Nasa.

"Khamis," ya ce a hankali, "ina naka sunan?"

Kujerar ta juyo.

Hular ta Khamis ce. Rigar ma tasa ce. Amma inda fuska ya kamata ta kasance, wani baƙin abu ne sumul mai sheƙi, kamar allon wayar da aka kashe. Nu'uman ya kalla, ya ga fuskarsa a ciki, baki buɗe.

Ya so ya yi addu'a. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

"Khamis ya tafi," in ji muryar. "Ni na riƙe masa wurin kafin ka zo."

Sai ya fara ganin sauran. Tun da farko suna nan, jingine da bango, ya ɗauka inuwar kantoci ce. Dogaye ne, sirara, kawunansu sun tanƙware a ƙarƙashin silin. Ba ya ganin fuskokinsu. Ƙafafunsu yake gani. Sun cinye har idon sawu, kamar alli da aka daɗe ana rubutu da shi, taɓo da ƙaya sun manne musu. Ƙirazansu na hawa suna sauka. Haki suke yi, irin na wanda ya sha gudu.

"Mu ke kai saƙon," aka raɗa daga bangon hagu.

"Ta daji," aka raɗa daga dama. "Ta rafi."

"Ba mu taɓa ƙin aike ba. Ba ma iyawa."

"Amma duk abin da muka ɗauko yana zama a bakinmu."

"Sai mun sauke a kunnen mai rai."

Abin da ke kan kujera ya miƙe. Ba kamar yadda mutum ke miƙewa ba, kamar yadda ake ɗaga riga daga igiya.

"Haka muka yi da shi," ya ce. "Mu kai, shi ya saurara, duk magariba. Da farko asibiti ɗaya ne. Sai ka liƙa mu a naku. Ya ce ya gaji. Muka ce masa sunansa ke rubuce a tushe. Sai ya rubuta wani sunan."

"A'a."

"Ka amince. Da hannunka."

"Ya ce suna ne kawai!"

"Suna ne kawai."

Nu'uman ya ja da baya. Duk da tsoron, kansa bai daina aikin da ya saba ba. "Zan cire sunana," ya ce. "Zan gyara."

"Da wane tushe?"

A nan ne ya gane. Ba ɓacewa tushen ya yi ba. Khamis ya sa sunan Nu'uman, ya dafa, ya raba wa asibitoci, sannan ya goge rubutun don kada a sake buɗewa. Ya tuna gyaɗar nan, da hannun da aka dafe ƙirji da shi. Tun ranar ake shirya masa wannan kujerar. Ya gaya mini daga baya cewa a wannan lokacin tsoron ma tafiya ya yi, wani abu mai ɗaci ya zauna a wurinsa.

Ƙofar ta ƙara saukowa. Ƙiiii.

"Zauna," in ji muryar. "Idan ka zauna, an gama."

Suka taso daga bango.

Ba tafiya suke ba, ja suke. Shaa. Shaa.

Na farko ya sunkuyo. Numfashinsa sanyi ne, yana warin ruwan sama. Ya sa baki a kunnen Nu'uman ya fara saukewa. Ba karatu yake ba. Muryar matar ce da kanta, tana nishi. Na biyu ya kama ɗaya kunnen. Kukan jariri. Na uku ya yi magana ta ƙeyarsa.



Hannaye masu sanyi suka riƙe kafaɗunsa, suna juya shi.

Kujerar na bayansa. Ya ji bakinta ya taɓa cinyarsa.

Ya lalubo waya a aljihu. Babu sabis, ko ɗigo.

Sai idonsa ya faɗa kan manhajar ofis, wadda yake gwaji da ita. Da Ɗan'aike a cikinta. Maganarsu ta dawo masa.

Ba mu taɓa ƙin aike ba.

Ya nemo sunan Madam Damilola. Ya rubuta kalma biyu.

Cire shi.

Ya danna.

Ɗakin ya yi tsit.

Wanda ke kunnensa na dama ya ɗago a hankali. Ya yi wani sauti kamar na ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ba ya son tafiya, Nu'uman ya ga haka. Jikinsa ya karkata zuwa kujerar, ƙafafunsa kuma suka juya zuwa ƙofa da kansu. Sai ya fice ta ƙarƙashinta kamar hayaƙi.

Sauran suka matsa da ƙarfi.

Ya turje. Silifas ɗaya ya tsinke.

Wayar ta yi ƙara, amsar Madam ce. Ka tabbata?

E.

Wani ya sake ficewa.

Bayansa ya kusa taɓa kujerar. Ya riƙe bakin tebur da hannu biyu, farcensa na kartar katako.

Madam Damilola, Allah ya saka mata, ba mai dogon tunani ba ce. Ta danna. Umarnin cirewa kuwa dole ya isa kowane asibiti, har waɗanda ba su da sabis. Wa zai kai? Su ɗin dai.

Hannu ɗaya ya sake shi. Sai wani. Sai wani. Suna fita suna kuka, kowanne ɗauke da takardar korarsa. Muryoyin da ke kansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar fitilun unguwa idan an ɗauke wuta.

Hula da riga suka faɗi ƙasa, babu kowa a ciki.

Allon ya mutu.

Ƙofar na sauka.

Ya yi tsalle, ya kwanta, ya mirgina. Ƙarfen ya kama gefen rigarsa, ya fizge, ta yage. Gam!

Sai hon. Sai ihun 'yan kamasho. Sai ladan na kiran salla, da ɗigon ruwan farko a goshinsa.

"Oga! Oga, lafiya?"

Wani mutum ne tsaye a kansa da kwaɗo a hannu. Obiora, mai sayar da birki da fulogi a shagon da ke kusa, ya dawo ɗaukar lemarsa da ya manta. Ya ɗaga Nu'uman, ya kalli ƙofar shagon Khamis. Kwaɗo biyu ne a jikinta, duk sun yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakaninsu.

"Daga ina ka fito? Wannan shago tun kafin ruwa ya fara ba a buɗe ba."

"Ina Khamis?"

"Ah, Khamis ya tafi tun tuni. Da, ya rame kamar tsinke, yana toshe kunne da auduga, muna cewa ya je asibiti. Amma ranar da zai tafi, ka gan shi? Yana dariya, har ya saya mini lemo." Obiora ya karkata kai yana duban shi. "Ya ce abokinsa zai zo ya karɓi wurin. Na ce wane aboki, wa zai karɓi shago babu kaya? Ya ce, akwai wani, ya yarda da ni sosai. Kai ne?"

Nu'uman ya zauna a cikin ruwan, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Haka ya dawo mana bayan isha'i, jiƙe sharkaf. Tayyiba ta fito da fitilar waya ta ga rigar, ta ce, "Abban Sumayya, faɗa kuka yi?" Ya ce, "Ina ma."

Asibitocin Tafa sun koma hawa mangwaro. Madam Damilola ta karɓe kujera mai juyawa, amma ba ta kore shi ba. Ta sa shi ya bi duk ƙunshin da kamfanin ya taɓa ara, ya sauke tushensa, ya karanta, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda ba a samu tushensa ba a cire, ko na waye. Yanzu idan sabon ma'aikaci ya ce masa, "Ai na abokina ne," sai ya ajiye abin da yake yi ya dube shi, har sai yaron ya je ya yi kwafin. Ko maƙwabciya ta aiko musu da miya, sai ya tambayi me aka zuba. Tayyiba ta ce zai raba ta da mutane.

Da nan labarin ya tsaya, da na ce an rabu lafiya.

Kwana kaɗan bayan haka, muna zaune ni da shi a kan benci, rana ta yi ja. Yana ba ni labarin wani direban Madalla da ya ɗauki fasinja shida a baya, sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Kansa ya karkata dama. Na ji warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, alhali ba a yi ruwa ba. A ƙasa kusa da ƙafarsa na ga sawu guda biyu, zagayayyu, marasa yatsu.

Bai daɗe ba. Ya sauke numfashi, ya share kunnensa da bakin riga.

"Guda ɗaya ne ya rage," ya ce.

"Ba ka ce an cire ko'ina ba?"

"An cire duk namu, Baba. Akwai kwafi ɗaya da ba namu ba."

Na daɗe ina juya maganar kafin in gane, don ni kaina ba na kwamfuta ba ne. Idan kwafi na ƙarshe ya mutu, yarjejeniyar ta mutu, su kuma masu cinyayyun ƙafafun nan za su koma neman wanda ya fara kiransu, su tambaye shi ladan tafiyar da suka sha. Muddin kuwa akwai waya ɗaya a duniya da Ɗan'aike ke aiki a cikinta, kuma ana aika ko da saƙo ɗaya ne a rana, to sunan da ke rubuce a ciki yana nan daram. Mutumin da ya hana abokinsa ajiye kwafi, shi ya ajiye nasa.

Wasu sun ce Khamis yana Legas, wasu sun ce ya tsallaka Yamai. Wani ya rantse ya ga hotonsa, ya yi ƙiba.

"Me yake aiko maka?" na tambaya.

"Da muryarsa yake zuwa. Ka yafe ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kullum."

Ya gwada amsawa sau ɗaya. Da abin ya sunkuyo, sai ya daure ya juya ya raɗa masa nasa aiken, tunda ba sa ƙi. Ya ce a gaya wa Khamis cewa ya riga ya yafe masa, duniya da lahira, katifar nan da bokitin nan sun isa shaida. Abu ɗaya kawai yake roƙo, ya goge kwafin.

Washegari na riga shi fitowa benci. Tayyiba na leƙe ta labule, ta rufe bakin Sumayya da hannu. Rana ta faɗi, iska ta tsaya, warin ciyawar nan ya iso. Kan Nu'uman ya karkata.

Na jira har ya ɗago.

"To? Me ya ce?"

Ya duba ƙasa, ya murza sawun da tafin ƙafarsa har ya ɓace. Sannan ya ɗauki butarsa.

"Ya ce in yafe shi."